Rijiyar da Yaya Ishaku Ya Ɓata

Shekara goma sha huɗu ke nan da muka binne yayana Ishaku a bayan cocin Furana, a ƙasar Ikara. Kowace shekara idan watan ya kama sai in ce zan rubuta wani abu a kansa, in ɗauki biro, in ajiye. Ba rashin abin faɗa ba ne. Duk wanda ya san ni, Rifkatu, malamar firamare mai ritaya a Maƙarfi, ya san ba a taɓa kama ni da ƙarancin magana ba. Abin da ke riƙe mini hannu shi ne ba yadda za a yi in ba da labarin Yaya ban ba da nawa ba, ni kuwa ban fito da kyau a cikinsa ba. Bana dai na ce ko me za a ce sai na rubuta, don akwai abin da ya shigo hannuna da bikin Ista wanda ya hana ni sakat.

Yanzu idan ka buɗe rediyo ba ka rasa jin maganar sauyin yanayi, da ƙananan ƙasashen tsibirai da teku ke cinyewa, da wakilansu da ke yawo taro zuwa taro suna neman a yi musu adalci. Jikokina suna jin abin kamar sabon labari. Mu a gidanmu tsohon zance ne. Tun zamanin soja muke jin sa, lokacin da in ka ce wa mutumin Hunƙuyi teku na tasowa sai ya tambaye ka ko ka karya kumallo. Wanda ya kawo mana zancen kuwa bai kawo shi da alfahari ba, a wuyansa ya rataye shi ya dawo da shi.

Mahaifinmu manomi ne da damina, mai ginin rijiya da rani. Daga Furana har Taba da ƙauyukan Kudan, ba za a rasa rijiyar da Baba ya shiga ba, gidan Musulmi da gidan Kirista duk ɗaya ne wurinsa, in dai za a ba shi fura. Ishaku ne ke ja masa guga tun yana ɗan shekara goma. Ilimin Baba a kan ruwa guda ɗaya ne, kuma bai taɓa ba shi kunya ba a ƙasarmu: idan rijiya ta ja baya, ka shiga ka ƙara mata zurfi. Ka ƙara zurfin gaba guda ko gaba biyu, ruwan yana ƙasa yana jiranka. Da wannan Yaya ya tashi, kamar yadda kowane ɗan ƙasar nan ya tashi da shi.

Akwai kuma wani abu da muka gani a gonar Baba ina 'yar shekara tara, shi yana saurayi. Dawa ta kusa yanka, shanu suka shiga suka tattake kusan rabin gonar, ba wanda ya gan su. Da hantsi sai ga Ardo Buba, Bafulatanin da ke zaune bayan rafi, ya aiko a kira Baba. Muka bi shi. Muka tarar da Ardo a bakin gona, ya ajiye sandarsa a ƙasa, ya tuɓe takalmansa, yana tsaye ƙafa ba komai a kan ƙaya da karan dawa. Da Baba ya iso, bayan gaisuwa, abin da Ardo ya ce kawai shi ne, "Shanuna ne." Baba ya zaga da shi gonar daga wannan kunya zuwa waccan, ya nuna masa duk inda aka ɓata, Ardo yana biye da shi ba takalmi. Da suka dawo inda suka fara, Baba ya ce, "Na ji, Ardo. Sa takalminka." Sai bayan nan aka zauna aka yi maganar gyara. Da rani Ardo ya kawo garkensa ya kafa a gonar har wata biyu, taki ya zauna, shekarar da ta biyo rumbu bai ɗauke dawarmu ba. Haka ake yi a wajenmu a lokacin. Mai ɓarna ya zo da ƙafarsa ya faɗa da bakinsa, mai gona kuma ya fito ya saurara, sannan a yi zancen abin da za a biya.

Yaya ya yi karatun aikin gona, ya zama malamin gona a Kudan, yana zaga masu rake da tumatir a kan wani tsohon babur da sai an tura yake tashi. Baba ya rasu, gida ya dawo wuyansa: Mama, ni, da ƙannenmu biyu. Sai ga tsuke bakin aljihu. Yaran yanzu ba za su gane ba. Albashi ya yi wata uku bai zo ba, in ya zo bai kai mako biyu. Ka yi layin sabulu da madara tun safe soja na tsaye da bulala, ka isa gaba a ce ya ƙare. Taki ya gagari talaka. Kullum ana raɗe-raɗin za a rage ma'aikata, kowa na kallon allon ofis gabansa na faɗuwa. A cikin wannan hali aka zaɓi Yaya cikin waɗanda gwamnati ke turawa ƙasashen waje su yi aikin taimako na shekara biyu, ana biyansu da dala. Ranar da labarin ya iso Furana Mama ta yi guɗa har muryarta ta dishe.

Inda aka tura shi, da ya nuna mini a taswira sai na ce ƙuda ne ya yi kashi a takardar. Wani ɗan tsibiri ne a tsakiyar tekun Fasifik, jirgin sama uku da jirgin ruwa ɗaya kafin ka isa. Wasiƙarsa kan yi wata biyu a hanya, ni ke karanta wa Mama. Ya ce in ka tsaya a tsakiyar garin kana ganin teku ta gabas, kana ganin teku ta yamma. Ya ce rumbun Baba ya fi kowane tudu na ƙasarsu tsawo. Ba dutse, ba rafi, ba saniya ko ɗaya, sai kwakwa da kifi da gwaza da suke shukawa a cikin rami. Mama ta ce, "Ikon Allah! To da me suke tuwo?" An ba shi aikin koyar da noma a makarantar garin, kuma ya yi aboki da shugaban makarantar, wanda sunansa ya fi ƙarfin bakinmu, Hedimasta kawai muke ce masa.

Ni kuwa a shekarar na gama sakandare, na ci jarrabawa, aka ba ni gurbin karatun haɗa magunguna a jami'a a Zariya. Ni ce mace ta farko a Furana da aka taɓa ba irin wannan takarda. Fasto ya ɗaga ta a coci kowa ya gani. Na rubuta wa Yaya, ya amsa cewa in kwantar da hankalina, littattafai, ɗaki, abinci, duk a kansa. Allah ya sani, har na fara tafiya irin ta masu farar riga a tsakar gida.

Abin da ya faru a can, daga baya na ji shi daga bakinsa, yana gaya wa Mama ina bayan zana ina saurare. Fari ya faɗa wa tsibirin. Rijiyoyinsu gajeru ne, in ka miƙa hannu da ƙwarya kana taɓa ruwa, sai suka fara ja baya. Ta makaranta, wadda yara da rabin garin ke sha, ta koma sai an jira ta taru. Yaya ya leƙa ya ga rijiyar da zurfinta bai kai gaba guda ba, ɗan mai ginin rijiya, ai sai jikinsa ya hau tsuma. Ya ce musu wannan ai ba rijiya ba ce, rami ne, a ƙasarsu sai an yi gaba goma ake fara zancen ruwa. Wata tsohuwa da ke kusa ta yi ta magana da harshensu tana girgiza kai. Ya tambayi me take cewa, aka ce masa ba komai, gaishe shi take yi. Al'adarsu ce ba a musa wa baƙo a gabansa, balle baƙon da gwamnati ta aiko a matsayin masani. Ya tuɓe riga ya shiga da kansa, ya ƙara mata gaba biyu. Ruwa ya cika taf, gari ya yi murna, aka yanka alade aka yi rawa.

Kafin mako biyu ruwan ya koma gishiri, ko wanki ba ya yi. Ashe ruwan daɗin ƙasar yana kwance ne a saman na teku a ƙarƙashin yashi, kamar yadda mai ke kwanciya a saman miya. A hankali ake yaɗe shi daga sama. Wanda ya zurfafa ya huda zuwa na gishiri, ya taso ya gauraye. Kowace tsohuwa a tsibirin ta san wannan. Yaya da takardar shaidarsa bai sani ba, don a duk ƙasar Zazzau ba wanda ya taɓa zurfafa rijiya ya yi nadama.

Ga inda maganar take. Ba wanda ya ɗora masa laifi. Mutanen suka ce teku ce, don dama tekun ta fara yi musu ɓarna ta gaske: ta wanke kaburburan bakin gaɓa, ta shiga ramukan gwaza ta kashe, in ta cika har filin makaranta take zuwa. A lokacin ne ƙananan tsibirai suka fara haɗa kai don su je tarukan duniya da murya ɗaya, su ce wa manyan ƙasashe masu masana'antu hayaƙinku ne ke ɗumama duniya, mu ne muke nutsewa. Gwamnatinsu ta ce kowane gari ya rubuto ɓarnar da teku ta yi masa, wakilai su tafi da ita. Hedimasta ne ya rubuta ta garinsu, kuma rijiyar makaranta ya sa a sahun farko, don ruwan yara ne. Ya kawo wa Yaya takardar ya sa hannu, a matsayinsa na masanin da ya zo daga waje ya gani da idonsa.

Ku duba fa. Sa hannu ɗaya. Da ya sa, laifinsa ya nutse a teku har abada, ƙarar mutanen ta ƙara ƙarfi, shi ya ƙarasa shekararsa, ni in tafi Zariya. Ba wanda zai cutu, a ganina na lokacin. Yaya ya ce a ba shi kwana biyu. Ya nemo mai fassara, ya je gidan tsohuwar nan, ya zauna a ƙasa ya ce ta gaya masa abin da ta faɗa ran nan, kada a rage komai. Ta gaya masa. Ya zaga sauran rijiyoyin garin da ba a taɓa ba, ya ɗanɗana, duk da farin da ake yi suna shayuwa. Ranar da dattawa suka taru, ya roƙe su su biyo shi bakin rijiyar. Ya tuɓe takalmansa ya tsaya, ya ce musu, "Wannan ba teku ba ce. Ni ne."

Bai tsaya nan ba, mutumin Allah. Ya zauna ya rubuta wa ofishin da ya aiko shi duk abin da ya yi, ba wanda ya tambaye shi. Ya kwashe abin da ya tara, wanda ni nake lissafin nawa ne, ya sayi siminti da kwano, shi da mutanen gari suka gina babban tanki, suka jera magudana a rufin makaranta don tare ruwan sama. Kafin simintin ya gama bushewa amsar ofis ta iso: ya tattaro ya dawo gida. Da ya iso kuma ya tarar sunansa ya hau allon waɗanda aka rage, don mai takardar tuhuma a fayil shi ake fara cirewa.

Ba zan manta ranar da ya sauka ba. Ranar kasuwar Ikara ce, da azahar. Mun share gida, yara sun taru a bakin hanya suna jiran akwatuna, ana ta gardamar ko zai zo da bidiyo. Sai ga shi ya diro daga bayan a-kori-kura, ya rame ya yi baƙi, jaka ɗaya a kafaɗa, da wata tabarmar ganyen kwakwa a naɗe a hammata. Saura wata biyu a buɗe jami'a. Da ya gama ba Mama labari, sai ta ce, "To, ka kyauta. Haka ubanka zai yi." Ni kuwa na fito daga bayan zana. Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ran nan. Na ce, "Yaya, ka sayar da karatuna saboda rijiyar mutanen da ko sunan Furana ba su sani ba? Su da kansu sun ce teku ce, kai wa ya aike ka?" Ya ce, "Rifkatu, kin tuna shanun Ardo?" Na ce, "Shanun Ardo ba su hana kowa karatu ba." Na shiga ɗaki na jefar da takardar jami'ar a ƙasa, ban sake bi ta kanta ba, ban kuma nema ba.

An yi ƙoƙari, ba a ce ba a yi ba. Ya sayar da babur, coci ta yi baiko, amma lokacin kowa ta kansa yake yi, abin bai kai ko'ina ba, gurbin ya wuce. Daga baya na shiga makarantar horon malamai, na yi aure, na zauna a Maƙarfi ina koyar da 'yan aji uku har na yi furfura. Ban ƙi aikin ba, kuma na yi shi da gaskiya. Amma shekara da shekaru in na shiga kantin magani na ga yarinya da farar riga a bayan kanta, sai in kau da kai.

Shi kuwa ya koma gonar Baba da igiyar Baba. Mutane suka laƙaba masa Malam Gishiri, yana amsawa da dariya. Amma ku tambayi duk ƙauyen da ya gina wa rijiya: ba ya sara ƙasa sai ya nemi tsohuwar da ta fi kowa tsufa a garin, ya zauna ya tambaye ta inda ruwa ke kwanciya, da inda aka taɓa ginawa aka sha wuya. Wani mai unguwa a Taba ya taɓa ce masa, "Haba Malam, kai da ka je har bangon duniya, sai ka zo kana tambayar Iya?" Ya ce ai daga bangon duniyar ya koyo. Shi ya fara sa mutane kafa randa da ganga a ƙarƙashin indararo, shi ya dinga bin manoma yana cewa damina ta fara gajarta, a nemi iri mai saurin nuna. Ana jin sa, ana kuma yi masa dariya, duk a lokaci guda.

Rediyo kuwa ba ya rabuwa da ita. Idan ana babban taron yanayi a wata ƙasa, sai ya rataye ta a reshen ɗorawa yana noma yana saurare, ko zai ji an ambaci tsibirai. Abokansa Musulmi da suke hira a gindin mangwaro bayan la'asar suna tsokanarsa, wai me ya haɗa mutumin Furana da teku. Yakan ce su ruwa ya yi musu yawa, mu ya yi mana kaɗan, amma garke ɗaya ne ya shiga gonakin duka biyu. Kuma ba ya wanke ƙasarmu. Yana cewa mu ma da muke haƙo mai muna ƙona iskar gas a sararin Allah, da namu shanun a cikin garken, kada mu cika baki.

Na kan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Ruwan da a da yake sauka da tsari, yanzu sai ya ɗauke ana tsakiyar shuka, ya dawo a rana ɗaya ya kwashe gada da gonar rake. Abin da yake faɗa ana dariya, yanzu yaran da suka yi digiri a kai ne ke faɗa a talabijin. Na san zai ji daɗin yadda mutanen tsibiran nan suka ƙi yin shiru, ƙasashen da wasunsu ba su kai ƙaramar hukumarmu yawan jama'a ba, amma sun tsaya gaban manya shekara da shekaru ba su gaji ba, har aka fara zancen asusun biyan ɓarna. Sai dai na san tambayar da zai yi, don na san shi. Zai ce, to wa ya zo bakin gonar? Wa ya tuɓe takalmi? A wurinsa kuɗin da aka miƙo daga nesa ana kiransa taimako ba ɗaya ba ne da wanda aka kawo bayan an ce mu ne. Na farko kana godiya, na biyu haƙƙinka ne.

Yanzu ga nawa. Bayan na yi aure, sau uku Yaya yana zuwa gidana a Maƙarfi ta wata irin siga. Ba a ƙofar ɗaki yake tuɓe takalmi ba kamar kowa. Tun daga ƙofar gida yake tuɓewa, ya tsaya a tsakar gida cikin rana, ba ya shiga, ba ya zama. Na san abin da yake nufi sarai, ni da na ga Ardo da idona. Sai in ce, "Yaya, shigo mana, rana na dukanka," in kawo ruwa, in hau tambayar Mama da yara. Da ya ce, "Rifkatu, game da karatunki," sai in ce abinci na kan wuta, in shige. Daga na uku bai sake ba. Ba mu yi gaba ba, kada a fahimce ni ba daidai ba. Muna zumunci, 'ya'yansa a hannuna suka yi firamare, da ya kwanta ciwo ni na yi jinyarsa a Zariya. Ranar da na ce yau zan buɗe maganar, na zauna a bakin gadonsa na ɓuge da zancen tsadar taki. Bayan kwana huɗu ya cika.

Bana da Ista na je Furana, matarsa Ladi ta ce tana gyaran ɗaki ta ga wani ambulan a ƙasan akwatin ƙarfensa, ta ga sunana a ciki. Takardu biyu ne. Ta farko wasiƙa ce daga Hedimasta, da Turanci, an rubuto ta shekaru bayan dawowar Yaya, bai taɓa nuna wa kowa ba. Ashe mutumin ya bar makaranta ya zama ɗaya daga cikin wakilan ƙasarsu a tarukan. Ya ce a wani zama masanan manyan ƙasashe sun ɗauki takardun ɓarnar suna bi layi-layi, suna neman ƙarya guda ɗaya da za su riƙe su watsar da sauran. Da suka zo kan garinsu suka tarar an soke rijiyar makaranta, an rubuta a gefe cewa wannan ba teku ba ce, kuskuren mutum ne, kuma shi ya faɗa da bakinsa. Ya ce ba a ba su abin da suka je nema ba, har lokacin da yake rubutun ana ta jayayya a kan kalmomi, amma ba wanda ya iya kiransu maƙaryata. Ya ce duk taron da ya samu dama sai ya ba da labarin wani mutum daga ƙasar da ba teku, wanda ya ɓata rijiya ɗaya ya tsaya ba takalmi ya ce shi ne, sannan ya tambaye su ko a cikinsu akwai mai iya haka. Ya ce tankin yana nan, yara na sha. Tsohuwar ta rasu, amma kafin ta rasu ta ce a gaishe shi.

Na karanta na yi kuka, na kuma ji girman yayana ya cika mini ƙirji, irin girman da na hana kaina ji yana raye. Sai na buɗe ta biyun. Takardar jami'ata ce, wadda na jefar a ƙasa, ta yi ja don tsufa, an goge ta an ninke da kyau. A bayanta, da rubutunsa mai kwanciya gefe, ya sa: "Wannan ma ni ne. Na je sau uku, mai gona ba ta fito ba."

Abin da ya rage na Ishaku ba shi da yawa in aka auna da ma'aunin mutane. Bai bar mota ba, bai bar gidan bulo ba. Ya bar rijiyoyi a ƙauyukan Ikara da Kudan da har yau ake ja, da tanki ɗaya a wani tsibiri da ba zan taɓa gani ba, in ma teku ta bar shi. Ya bar labari a bakin wani wakili, wanda manyan duniya suka ji ko ba su so. Ni kuma ya bar mini abin da na ƙi koya ina da shekara tara: Ardo ya yi nasa da ya zo, amma da Baba ya ƙi fitowa, da har yau mutumin yana tsaye a kan ƙaya. Na yi shekaru ina zagin manyan ƙasashe a gaban rediyo don sun ƙi cewa su ne, alhali wanda ya zo ya ce shi ne na bar shi a rana.

Washegari da safe, bayan an tashi daga sujada, na zaga bayan coci ni kaɗai. Ciyawa ta rufe kabarin, na tsuguna na cire abin da zan iya. Na fito da takardar na karanta masa ita daga sama har ƙasa, da sunana, da sunan karatun, da ranar da aka ce in je, don ya ga ɓarnar duka kamar yadda ake yi. Sannan na miƙe na faɗi abin da ya zo nema sau uku.

Na ce, "Na ji, Yaya. Sa takalminka."